BABI NA UKU: MAKARANTAR LINGHEM DA HORAR DA MAHARBAN ƁOYE A RUNDUNAR SOJAN INGILA, 1914 ZUWA 1918

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda rundunar sojan Ingila ta fara zaɓen maharban ɓoye da horar da su a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da ake nufi da maharbin ɓoye a nan shi ne sojan da aka ware daga cikin 'yan'uwansa, aka ba shi horo na musamman domin ya laɓe a inda ba a ganinsa, ya zaɓi mutum guda daga cikin abokan gaba, ya harbe shi da harsashi guda. Turawan Ingila suna kiransa sinaifa. Kalmar ta samo asali ne daga sunan wani ɗan tsuntsun fadama da suke kira sinaif, wanda yake da wuyar gani, yake kuma da wuyar harbi saboda ba ya tashi a miƙe. Hafsoshin Ingila da suka yi aiki a Indiya a ƙarshen ƙarni na 18 sun riƙa farautarsa, har ta kai duk wanda ya iya kayar da shi ana yi masa kallon gwani.

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa a tsakanin jama'a shi ne, wannan aiki baiwa ce da ake haifar mutum da ita, kuma iya saiti shi ne gaba ɗayan lamarin. Babin zai nuna cewa tarihi bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. Abin da ya faru a Faransa tsakanin 1915 da 1918 shi ne, an ɗauko ilimin mafarauta, wanda a da sai dai a gada ko a tashi a cikinsa, aka mayar da shi darasi da za a iya koya wa ɗan birni a cikin 'yan makonni. A cikin wannan darasi kuwa, harbi shi ne kaso mafi ƙanƙanta.

3.1 Halin da Aka Shiga a Ƙarshen 1914

Yaƙi ya ɓarke a watan Agusta na 1914. Bayan karon da aka yi a kogin Marne a watan Satumba, da wanda aka yi a Ypres a Oktoba da Nuwamba, sai tafiya ta tsaya cik. Kowane ɓangare ya haƙa ramuka ya shige, tun daga gaɓar tekun Beljiyam har zuwa iyakar Suwizalan, wato tsawon kimanin kilomita 700. A wurare da dama tazarar da ke tsakanin ramukan ɓangarorin biyu ba ta wuce yadi 100 zuwa 300 ba, a wasu wuraren ma har ana jin maganar juna. A irin wannan zama, abin da soja zai gani na abokin gabansa bai wuce ƙoƙon kai ba, shi ma na daƙiƙa biyu ko uku.

Ba za a ce sojan Ingila na wancan lokaci baƙon bindiga ba ne. Ingila tana da makarantar koyon harbi a Hythe tun 1853, kuma wuyar da ta sha a hannun manoman Bowa a yaƙin Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, ta sa ta gyara horonta. Kafin 1914 ana bukatar kowane cikakken soja ya iya sakin harsashi 15 a cikin minti ɗaya, kuma su faɗa inda aka nufa. Wannan horo ya yi rana a Mons, inda Jamusawa suka taho a sarari. To amma harbin sauri a kan taron jama'a daban yake da jiran ƙoƙon kai guda na tsawon wuni. Bugu da ƙari, kafin shekarar ta ƙare, da yawa daga cikin waɗannan ƙwararrun sojoji sun mutu ko sun jikkata. Waɗanda suka maye gurbinsu 'yan sa-kai ne, akawuna da ma'aikatan masana'antu da masu haƙar kwal, waɗanda galibinsu ba su taɓa riƙe bindiga ba.

Jamusawa kuwa sun zo da shirinsu. Ƙasarsu tana da dazuzzukan farauta masu yawa, da ma'aikatan gandun daji waɗanda suka saba da bindiga mai madubin saiti. Haka kuma ita ce kan gaba a sana'ar gilashi, domin tana da kamfanoni irin su Zeiss a Jena da Goerz a Balin. Tun farkon yaƙin aka tattara bindigogin farauta daga hannun masu su, aka aika da su bakin daga, aka damƙa su ga waɗanda suka san kansu. Sakamakon haka, a farkon 1915 har an sami wata bataliyar Ingila da ta rasa mutum 18 a rana guda a hannun maharban ɓoye. Idan aka kwatanta wannan da ɓarnar da igwa take yi, adadin ba shi da yawa. Illarsa ta fi ƙarfi a zukatan waɗanda suka rage. Sojan da ya ga an fasa kan abokinsa a gefensa, bai ga wanda ya yi harbin ba, bai san ta inda harsashin ya fito ba, ba zai sake yarda ya ɗaga kai ba. Rundunar da ba ta ɗaga kai kuwa ba ta san abin da ake shirya mata a gabanta ba.

3.2 Hesketh-Prichard da Abin da Ya Tarar

Mutumin da aka fi dangantawa da gyaran wannan lamari shi ne Hesketh Vernon Hesketh-Prichard. An haife shi a Jhansi ta ƙasar Indiya a 1876. Ba soja ba ne tun asali. Marubuci ne, ɗan wasan kurket na yankin Hampshire, matafiyi wanda ya shiga Haiti da Patagoniya da Labrado, kuma mafaraucin manyan namun daji. Da yaƙi ya tashi ya nemi shiga soja, aka ce shekarunsa sun yi yawa. Daga baya aka ba shi aikin rakiyar 'yan jarida, aka tura shi Faransa a watan Fabrairu na 1915. Wannan aiki ya ba shi damar zagaya bataliyoyi daban-daban, abin da hafsan da ke zaune a rami guda ba zai samu ba.

Abin da ya tarar ya kasu gida biyu. Na farko ya shafi kayan aiki. An fara raba bindigogi masu madubin saiti, amma ana ɗaukarsu tamkar shebur ko fitila, wato kayan rami, bataliyar da za ta tafi hutu ta miƙa wa wadda ta karɓe ta. Ba wanda ya mallaki bindigar, saboda haka ba wanda ya san halinta. Da ya gwada su, sai ya ga da yawa madubinsu ya goce, kuma sojojin da ke riƙe da su ba su san ana daidaita shi ba. Ga lissafi mai sauƙi: madubin da ya goce da inci 3 a yadi 100, zai goce da inci 9 a yadi 300, wanda ya fi faɗin kan mutum. Ke nan soja zai iya ɗora saiti daidai, ya ja kunama daidai, kuma ya kuskure kullum, har ya yanke ƙauna daga bindigar. Wata matsalar ita ce, a bindigar Lee-Enfield da Ingila take amfani da ita, an ɗora madubin ne a gefen hagu, ba a saman bututu ba, domin kada ya tare wurin zuba harsasai. Idan kafar harbi ta yi ƙunci, sai ya zama ido yana kallon waje amma bakin bindiga yana kallon ƙarfe, ko kuma akasin haka.

Na biyu ya shafi ɗabi'a, kuma a ganina shi ne ya fi muhimmanci. Sojojin Ingila sun saba da tsafta da tsari, don haka sukan jera buhunan yashi a bakin rami, su daddaɓe su, su miƙe sambal kamar ginin magini. Duk abin da ya ɗago a kan irin wannan layi, ko da hula ce, nan take ido zai kama shi. Bakin ramin Jamusawa kuwa kamar juji yake: buhuna masu launi iri-iri, tsofaffin gwangwanaye, tsummoki, guntayen bututu da tarkacen waya. Hafsoshin Ingila sun ɗauka ƙazanta ce. Ashe dabara ce, domin a cikin wannan tarkace ake ɓoye kafar harbi, ido kuma ba ya iya bambance ta da ramukan banza da ke kewaye da ita.

Prichard ya fara da abin da ya sani. Ya koma gida ya aro bindigogin farauta da madubai daga abokansa, wasu kuma ya saya da kuɗinsa. Jamusawa suna harbi ne ta bayan faranti na ƙarfe wanda harsashin soja ba ya huda shi. Sai ya samo irin waɗannan farantai ya gwada su da manyan bindigogin harbin giwa, ya ga suna huda su. Sannu a hankali ya sami goyon bayan wasu manyan hafsoshi, musamman Janar Charles Monro. A watan Agusta na 1915 aka ba shi izinin koyarwa, ya riƙa bin rundunoni yana ɗaukar mutane kaɗan-kaɗan. A 1916 aka kafa masa makaranta ta dindindin a ƙauyen Linghem, a yankin Pas-de-Calais na arewacin Faransa, a ƙarƙashin Runduna ta Ɗaya.

Ya kamata a yi hattara a nan. Mafi yawan abin da aka sani game da wannan makaranta ya fito ne daga littafin da shi Prichard ya wallafa a 1920 mai suna Sniping in France. Mutum kuwa idan yana ba da labarin aikinsa, ba a rasa son kai ko da bai yi nufi ba. Ba shi kaɗai ya yi wannan yunƙuri ba. Manjo F. M. Crum ya buɗe tasa makarantar, haka kuma Nevill Armstrong na rundunar Kanada ya yi koyarwa mai yawa. Abin da ya sa aka zaɓi Linghem a wannan nazari shi ne, ita ce tsarin karatunta ya fi fitowa fili a rubuce.

3.3 Abin da Ake Koyarwa

Sunan makarantar kansa abin lura ne, domin abubuwa uku aka haɗa a cikinsa: harbin ɓoye, da lura, da leƙen asiri. Kwas ɗin bai kai wata guda ba. Ana turo hafsoshi da saje-saje da kofur-kofur, da nufin idan sun koma bataliyoyinsu su koyar da wasu.

Darasin farko shi ne kula da bindiga da daidaita madubi. Ba a fara da neman ɗalibi ya sami tsakiyar abin bara ba. Ana so ne a ga harsasansa sun taru wuri guda, ko da a gefe ne, domin idan sun taru, gyaran madubi kawai ya rage, idan kuwa sun warwatsu, matsalar a jikin mai harbin take. Daga nan sai ƙiyasin nisa da ido, da karanta iska ta hanyar duban ciyawa ko hayaƙi. Sai kuma harbin abin da zai bayyana na 'yan daƙiƙu ya ɓace. Daga wannan lokaci aka fara dagewa a kan cewa bindiga mai madubi ta mutum ɗaya ce, ba mai taɓa ta sai shi.

Sashen da ya fi cin lokaci shi ne na lura, kuma a nan ne rawar mutanen Lovat ta fito. Wannan runduna Lord Lovat ne ya kafa ta a 1900 saboda yaƙin Afirka ta Kudu, ya cika ta da masu gadin dazuzzukan farauta na tsaunukan Sikotland. Sana'ar waɗannan mutane a gida ita ce su kwanta a kan tudu da dogon madubin hangen nesa, su nemo barewa a cikin tsaunuka, sa'an nan su ja mai gidansu da rarrafe har ya isa inda zai harbe ta. A 1916 aka ware wani rukuni daga cikinsu da sunan gwanayen harbi, amma da aka ga irin idon da Allah ya ba su, sai aka ga asara ce a sa su harbi, aka mayar da su masu lura da masu koyar da lura. Su ne kuma suka yi fice da rigar nan mai ɗinke da tsummoki da zare-zare, wadda take sa mutum ya saje da ciyawa. Dabarar ba za ta zama baƙuwa ga wanda ya san maharbin ƙasar Hausa ba, wanda yake ɗaura kan burtu a goshinsa ya sunkuya, namun daji su ɗauka tsuntsu ne yake kiwo. Manufar ɗaya ce: ba wai kada a gan ka ba, a gan ka amma a ɗauke ka wani abu daban.

Abin da ɗalibi yake koya daga gare su shi ne yadda ake raba fili kashi-kashi a bi shi da ido a hankali, da yadda ake gane abin da ya sauya tsakanin jiya da yau. Sabuwar ƙasa da aka zubar tana nuna ana haƙa. Hayaƙi a wani lokaci na musamman yana nuna wurin girki. Hular Bajamushe tana da 'yan maɓallai biyu a goshi, na sama mai launin daula, na ƙasa kuma mai launin jihar da sojan ya fito: baƙi da fari na Furushiya, fari da shuɗi na Bafariya, kore da fari na Sakson. Mai lura da ya iya bambance wannan launi ta cikin madubi ya gaya wa hedikwata cewa an sauya rundunar da ke gabansu, labarin da a da sai an tura mutane cikin dare sun kamo fursuna, wasu su mutu a hanya, kafin a same shi. Prichard ya ba da labarin wata kyanwa da masu lura suka riƙa gani tana shan hantsi a bakin wani ramin Jamusawa da ake zaton ba kowa a cikinsa. Suka yi tunani cewa kyanwa mai ƙiba da natsuwa haka ba ta zama sai inda ake kula da ita, kuma a wurin da ɓeraye suka addabi kowa, hafsoshi ne suke da ikon ajiye ta. Aka ɗauki hoton wurin daga jirgin sama, aka tabbatar mazaunin hafsoshi ne, aka sa igwa ta rushe shi. Ko da an ƙara wa labarin gishiri, yana nuna irin tunanin da makarantar take so ta dasa.

Saboda haka ne aka koyar da karatun taswira da amfani da kamfas da rubuta rahoto. Ana so rahoto ya faɗi lokaci, da wuri a kan taswira, da abin da aka gani, kuma a raba abin da ido ya gani da abin da zuciya ta zata. Haka kuma aka tsayar da ƙa'idar aiki bibbiyu, ɗaya da madubin hangen nesa, ɗaya da bindiga, suna musanya bayan ɗan lokaci domin ido yana gajiya. Mai madubi shi ke nemo abin hari, shi ke kuma faɗin inda harsashi ya faɗa, tun da bugun bindiga yakan kawar da idon mai harbi.

Sai kuma dabarun farautar maharbin abokan gaba, wanda shi ne ainihin dalilin kafa makarantar. Wadda ta fi shahara ita ce ta kan gunki. Ana yin kan mutum da jiƙaƙƙiyar takarda da gam, a shafa masa fenti har ya yi kama da na gaske. Na farko-farko wani mai yin gashin 'yan wasan kwaikwayo a Landan, Willy Clarkson, shi ya yi su. Ana kafa kan a jikin sanda mai tafiya a cikin kwarmin katako, a ɗaga shi a hankali kamar soja mai leƙe, wani lokaci har da sigari a bakinsa, wani yana zuƙa daga ƙasa ta bututun roba. Idan Bajamushe ya harbe shi, sai a sauke shi kamar wanda ya faɗi. Harsashin ya bar huda biyu, ta shiga da ta fita, kuma layin da ya haɗa su yana nuna inda ya fito. Da madubin leƙe, wanda ake ɗagawa daidai tsayin da kan yake lokacin da aka harbe shi, sai a bi wannan layi da ido har maɓoyar mai harbin. An kuma koyar da gina kafar harbi: a karkata ta gefe maimakon ta fuskanci gaba, a rataya baƙin ƙyalle a bayanta domin kada haske ya tona ta idan an buɗe, a kuma yi na ƙarya da yawa a kusa da ita.

Kafin ƙarshen yaƙin makarantar ta horar har da sojojin ƙawaye, ciki har da na Fotugal da suka iso Faransa a 1917. An ba Prichard lambar yabo ta Military Cross a 1916, da ta DSO a 1918.

3.4 Wane ne Ya Cancanta?

Mai ra'ayin baiwa yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Fitattun maharban ɓangaren Ingila a wannan yaƙi ba 'yan birni ba ne. Francis Pegahmagabow, ɗan ƙabilar Ojibwe ta Kanada, wanda ake danganta masa kashe mutum 378, a daji da bakin tafki ya tashi. Henry Norwest, shi ma daga Kanada, wanda aka lissafa masa 115 kafin wani maharbin Jamus ya kashe shi a watan Agusta na 1918, mafarauci ne tun yana yaro. Billy Sing na Ostireliya, wanda aka tabbatar masa da 150 a Gallipoli, ya saba da harbi a karkara tun kafin ya shiga soja. Waɗannan ba makaranta ce ta yi su ba.

Amsar da za a bayar ita ce, da farko, su kansu alƙaluman sai an yi taka-tsantsan da su, domin mutumin da aka harba a yadi 300 ya faɗa cikin rami, ba mai zuwa ya duba ko ya mutu. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi, yaƙin da ake yi a kan ɗaruruwan kilomita ba a cinsa da mutum uku ko goma. Kowace bataliya tana bukatar rukuninta na maharba, wanda galibi bai kai mutum 20 ba, a ƙarƙashin hafsa guda, kuma bataliyoyin ɗaruruwa ne. Ingila ba ta da mafarautan da za su cika wannan gurbi. Dole ne a ƙera su. Su ma mafarautan abin da suka zo da shi koyo ne, sai dai sun fara shi tun suna yara.

Saboda haka sharuɗɗan zaɓe suka sauya. Iya harbi ya zama ƙofar shiga kawai. Bayansa ana duban haƙuri, domin mutum zai iya kwana ya wuni a wuri guda bai yi harbi ko ɗaya ba. Ana duban natsuwa, domin mai gaggawa yakan yi harbi a lokacin da bai dace ba ya tona maɓoyar da aka yi kwanaki ana ginawa. Ana kuma duban gaskiya, domin rahoton ƙarya yana iya sa a tura ɗaruruwan mutane inda za su hallaka. Akwai wani sharaɗin da ba a cika rubuta shi ba. Sojan igwa ba ya ganin wanda ya kashe. Maharbin ɓoye kuwa yana ganin fuskar mutumin ta cikin madubi, yana aske gemu ko yana shan shayi, a lokacin da bai ɗauki makami a kan kowa ba. Ba kowane gwanin saiti ne yake iya jan kunama a wannan hali ba.

Wannan ne ma ya sa ba a cika ƙaunarsu ba ko a cikin nasu. An ɗauke musu aikin haƙa da dako, abin da ya jawo musu hassada. Ban da haka, kamar yadda masanin nan Tony Ashworth ya nuna a littafinsa na 1980, a sassan da ba a gwabzawa sojojin ɓangarorin biyu sukan yi wata yarjejeniya ta shiru, kowa ya ƙyale kowa ya ci abinci ya gyara raminsa. Maharbi yakan zo ya yi harbinsa ya tattara kayansa ya tafi, ramuwar gayya kuma ta sauka a kan waɗanda ya bari a wurin. Idan kuwa abokan gaba suka kama shi da bindiga mai madubi a hannu, da wuya ya kai sansanin fursunoni.

3.5 Bayan Yaƙi

Prichard bai ga ƙarshen yaƙin a Linghem ba. Rashin lafiya ya kama shi a ƙarshen 1917, aka mayar da shi gida, ya rasu a watan Yuni na 1922 yana da shekara 45. Da aka ajiye makamai a watan Nuwamba na 1918, aka rufe makarantun da ke Faransa, malamansu suka koma sana'o'insu. Manyan hafsoshi sun ɗauki harbin ɓoye a matsayin abin da zaman rami ya haifar, wanda ba za a sake bukatarsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka Ingila ta yi: sai bayan da aka kwashe sojojinta daga Dunkirk a 1940 ta sake buɗe makarantu, ciki har da ta Bisley, ta kuma koma neman tsofaffin hannu. Nevill Armstrong, wanda ya koyar a yaƙin farko, shi ya rubuta littafin koyarwa a wannan shekara, mutanen Lovat kuma suka sake zama malamai. A tsakanin yaƙoƙin biyu Tarayyar Sobiyat ce ta riƙe lamarin da muhimmanci, inda ƙungiyar Osoaviakhim, wadda aka kafa a 1927, ta riƙa koya wa matasa harbi tun kafin su shiga soja. Amurka ma ta bi sawun Ingila wajen buɗewa da rufewa bayan kowane yaƙi. Sai a 1977 sojojinta na kundumbala suka sami makaranta ta dindindin a Quantico, sojojin ƙasa kuma a Fort Benning a 1987.

Kayan aiki sun sauya ƙwarai. A watan Nuwamba na 2009 wani sojan Ingila, Craig Harrison, ya sami abin harinsa a lardin Helmand na Afganistan daga nisan mita 2,475, wato fiye da ninki takwas na tazarar ramukan Faransa. Amma ginshiƙan horon su ne dai na Linghem: aiki bibbiyu, bindigar mutum ɗaya, taswira, rahoto da lura. An ƙara da wasan gwada ƙwaƙwalwa da aka aro daga littafin Kim na Rudyard Kipling, inda ake nuna wa ɗalibi tarkacen abubuwa na ɗan lokaci, a rufe, daga baya a ce ya lissafo su da siffofinsu.

Jarrabawar da ta fi kayar da ɗalibai a makarantun baya-bayan nan ita ce ta sanɗa, wadda kai tsaye sana'ar mutanen Lovat ce. A kwas ɗin sojojin kundumbala na Amurka, wanda ɗalibansa na ƙarshe suka fita a watan Disamba na 2023, malamai sukan zauna a fili da madubin hangen nesa. Ɗalibi zai taso daga nesa sanye da rigar tsummoki, ya yi ta jan ciki na sa'o'i har ya iso kimanin yadi 200 daga gare su, ya harba harsashin da ba shi da kai. Daga nan sai wani malami mai yawo a filin ya zo ya tsaya kusa da shi, waɗanda ke zaune su yi ta duban wurin suna neman inda yake. Idan ba su gan shi ba, sai su ɗaga wani kati mai ɗauke da harafi, a ce ya karanto, domin a tabbatar yana ganinsu da gaske. Sa'an nan ya sake harbi na biyu suna kallon wurin, kuma idan ciyawar da ke gaban bakin bindigarsa ta motsa har suka gani, ya rasa maki.